Ranar da Direba Ya Taka Gari da Ƙafa

Mijina tsohon direban bas ne, kuma duk macen da ta zauna da direba ta san abin da nake nufi in na ce mutumin nan bai iya tafiya da ƙafa ba. Da sassafe motar ma'aikata ta ɗauke shi a ƙofar gida, ya wuni a kan kujera yana zagaya gari, da yamma a dawo min da shi sai ka ce saƙo. Haka muka yi ta yi har furfura ta cinye mu. Abokan aikinsa Ba-Gaggawa suke ce masa, don ko gobara ake yi a bayansa ba ya ƙara wuta. Ni Direba nake ce masa, in ya ɓata min rai in ce Malam Direba. Shi kuwa Fasinja yake ce min, tun ranar da na fara shiga motarsa ina budurwa da ƙunshin yadi a hammata, kuma har yau da jikokinmu suka fara tsayi bai canza ba.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Na hagu ya mutu tun bara, na dama ya rage, shi ma yana ta dusashewa. Likita bai ɓoye mana komai ba, ya ce aiki za a yi, kuma irin aikin nan ne da ko dai ido ya washe ko ya rufe gaba ɗaya. Aka sa rana. Ni tun daga nan abinci ya daina shiga min. Shi kuwa ko a jikinsa, kullum cewa yake yana gani sarai, mu ne muke neman mu makantar da shi da baki.

Ana gobe aikin, muna gama shan shayi, ya ce in sa takalmin da ba zai ci min ƙafa ba, yau zai kai ni hasumiya. Wata tsohuwar hasumiya ce a kan tudu, ƙetaren kogi, wadda baƙi ke hawa su kalli gari. A gindin tudun motarsa ke sauke mutane. Ya kwashi baƙi ba adadi zuwa can, da hulunansu da kyamarorinsu, amma shi bai taɓa hawa ba, ni ma haka. Alkawarin kai ni kuwa tun ina da cikin fari yake yin sa. Duk ranar hutu sai ya ce bari ya ɗan miƙe baya tukuna, kafin ka ce me sai munshari. Na daɗe da cire rai. Amma a ranar ban yi masa gori ba, don na san abin da ke ransa, yana so ya ga garin nan sau ɗaya daga sama tun idon na nan. Ni ma abin da nake so masa ke nan, wallahi fiye da komai.

Na ce to mu hau bas mana. Ya ce Allah ya kiyaye ya zauna a baya yana jin wani sabon shiga na yi wa giyar mota kisan gilla. Da ƙafa za mu, haka baƙi ke yi, kuma shi zai ja gaba. 'Yarmu ta kira ta ce kada in bari ya wahalar da kansa, na ce mata in ta san yadda ake hana ubanta abu ta zo ta koya min. Na zuba burodi da dafaffen ƙwai da gorar ruwa a jaka muka fita. Abu ɗaya na riƙe a raina, da zarar rana ta yi sanyi ake rufe ƙofar hasumiyar. Na sani ne don akwai wadda nake yi wa ɗinki a unguwar.

Ni tela ce, kuma ƙafata ta san garin nan lungu-lungu, wajen sayen zare da kai wa mutane kayansu. Daga gidanmu in ka yi dama, ka ratsa bayan masu takalma, ka bi lungun masu zare, kafin ka yi gumi kana bakin kogi. Muna fita ƙofa Direba ya yi hagu.

"Direba, ai dama ce hanya."

"Wanwe ce," in ji shi. "Ba a shiga ta nan."

Na tsaya ina kallonsa. Na ce wanwe ai ta mota ce, mu ƙafa gare mu, ga mutane can suna ta kai da kawowa. Ya ce su suka sani, shi duk shekarun da ya yi a kan titi ba a taɓa kama shi da bin wanwe ba, ba zai fara da tsufa ba. Ya goya hannu a baya ya yi gaba. Na yi tsaki na bi shi, na ce a raina rana na da tsawo, bari a bar wa tsoho son ransa.

Ashe hanyar bas ɗinsa zai bi da ni, tiryan-tiryan, tun daga farko har ƙarshe. Kuma tuƙi yake yi, ba tafiya ba. In za mu sha kwana sai ya miƙa hannu ya ba da sigina. In mun iso tashar da yake sauke fasinja sai ya ja birki, ya tsaya cak, ya ɗan karkata kai yana duba madubin da babu shi, sannan ya ɗaga ƙafa. Da muka zo shataletale, maimakon mu tsallaka kamar kowa, sai da ya zagaya da ni kaf, ta ɓangaren da motoci ke bi. Wata mai sayar da jarida ta bi mu da kallo har muka dawo kusa da inda muka faro. Kunya ta kama ni, dariya kuma na cina, na ce Malam Direba, in kana ɗaukar fasinja ne ka faɗa min in riƙa karɓar kuɗin mota. Ya ce Fasinja ba ta magana da direba in mota na tafiya.

Amma gaskiya garin ya yi kyau a ranar, kuma ni kaina akwai wuraren da ban taɓa tsayawa na kalla ba, kullum da sauri nake wucewa da kayan mutane a hannu. Mun tsaya a gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa mai babban agogo a goshi. Ya ce da agogon nan yake gane ko ya makara, kuma tun da yake bai taɓa yi masa ƙarya ba. Na ɗaga kai na ga ashe an sassaƙa ganyaye da tsuntsaye a dutse kewaye da agogon, tattabaru kuma sun yi sheƙa a tsakaninsu, ba ka bambance na dutse da na gaske sai ɗaya ya tashi. Na nuna masa. Ya ɗaga kai ya ce lalle kam, ikon Allah. Sannan ya matsa ya dafa bangon, ya shafa shi da tafin hannu, ya ce ashe dutsen sanyi gare shi.

Daga nan muka bi ta layin masu furanni, inda ruwa ke kwance a ƙasa kullum saboda yayyafi da suke yi wa kayansu. Ya ce wannan layin ko da tagar mota a rufe yana gane shi. Wata mai furanni ta ce ya saya wa amarya mana, ya ce wannan amaryar in ka ba ta fure tambayarka za ta yi ko ana dafa shi. Na ce ai ka gwada sau ɗaya a rayuwarka ka gani. Bai saya ba, marowacin banza, amma ya tsaya ya daɗe yana shaƙa.

Muka wuce gidan tarihi, ba mu shiga ba, ya ce bas ba ta shiga. Muka fito babban dandali mai famfon ruwa da ke feshi sama, baƙi na ta ɗaukar hoto, iska na kaɗo mana ruwan a fuska. Nan ya yi ta ba ni labari. Ga shagon mai gyaran agogo can, wanda ke ɗaga masa hannu kullum. Ga kantin littattafai, ga gidan hoto inda aka ɗauke mu da babbar 'yarmu tana jaririya. Yana nunawa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko tantama. Na duba. Inda ya ce mai agogo, wayoyi ake sayarwa, da wani ƙaton allo ja wanda ko daga ƙetaren dandali za ka karanta. Gidan hoton kuwa ya zama wurin aski. Na yi dariya na ce tsufa ya zo, mutum na kallon abu yana ganin na da. Ya ce shi dai a wurinsa mai agogo ne. Ban kawo komai a raina ba, ni dai hankalina na kan rana, don ta riga ta raba tsaka, mu kuma ko rabin hanya ba mu yi ba.

Na fara ƙorafi. Na ce ƙafata ta fara zafi, na ce da ta hanyata muka bi da yanzu mun hau mun sauko mun dawo gida har na ɗora tukunya. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Raina ya soma ɓaci da gaske. Mutum gobe za a shiga da shi ɗakin aiki, wata ƙila yau ce ranar ganinsa ta ƙarshe, amma ya tsaya yana wasan mota a titi kamar jikansa. Na cika na yi fam, na ƙudurta cewa tasha ta gaba zan sauke masa kwandon magana, in kama hannunsa in ja shi ta gajeriyar hanya ko yana so ko ba ya so.

Muka iso wani dogon titi da ake gyara. An fasa gefensa, an tara bulo, ga yashi. Direba ya rage tafiya, ya ja birkinsa, ya juyo da fara'a.

"Kin gaji, Fasinja. Zauna a bencin nan ki huta, akwai inuwa."

Ya nuna da hannu. Na dubi inda ya nuna. Babu benci, babu rumfa, babu inuwa. An cire tashar, an mayar da ita can gaba, ina hango sabuwar rumfarta da mutane a ciki. Abin da ke gabanmu tarin bulo ne kawai da wani buhun siminti da ya fashe, rana na dukansu. Shi kuwa yana tsaye yana murmushi, idonsa a kan bulon, yana jira in zauna.

Duk maganar da na tara ta bi ruwa. Nan take abubuwa suka riƙa dawo min: shayin da yake zubawa har ya malala a faranti ya ce tunani yake, rigar da ya sa a bai-bai ya ce sauri yake, jikarmu da ya kira da sunan yayarta. Agogon tasha da ya ce lalle kam, ashe bai ga komai ba, shi ya sa ya shafa bango. Allon nan ja ma bai gan shi ba. Idon da yake cewa yana gani sarai ya kusa tafiya tun ba a kai ga wuƙar likita ba, ni kuma ina gida ɗaya da shi, ina ta faɗa a kan faranti.

Na zauna a kan bulon. Zafi ya ratsa zanena amma ban motsa ba. Na ce bencin ya yi ƙura, shi ya tsaya kada ya ɓata wando. Na ɓare masa ƙwai na sa masa a hannu, na yanka burodi. Hawaye na zuba ina sharewa da gefen mayafi, ina kuma yi masa faɗa a kan ya ci a hankali, don kada ya ji canji a muryata. Ya ce yau inuwar ba ta da ƙarfi, na ce ai an sassabe bishiyar.

Da muka tashi sai na koma kallonsa da wani ido. Leɓensa na motsi, sunayen tashoshi yake kira a hankali. In hanya ta ɗan gangara sai ya gyaɗa kai, in ƙamshin gidan burodi ya bugo sai ya fara shirin kwana. Ashe ba taurin kai ne ya hana shi bin hanyata ba. Hanya ɗaya ce tak a garin nan da zai iya bi ba tare da ido ba, wadda ya yi shekara da shekaru yana bi har ta zauna masa a jiki. Na matsa kusa da shi, ta ɓangaren titi, na riƙa ture masa abin da zai yi tuntuɓe da shi da ƙafata ba tare da na ce uffan ba.

Sai dai rana ba ta jira mu ba. Inuwar gine-gine ta fara tsallaka titi. Na auna abin da ya rage ta hanyar bas, sai an je can ƙarshen gari an hau babbar gada an zagayo, na ga ko da gudu muke ba za mu samu ƙofa a buɗe ba. In na yi shiru, ya rasa hasumiya, kuma wata ƙila ya rasa ta har abada. In na yi magana, na tona masa asirin da yake ta rufewa da ƙarfin hali. Ina ta saƙawa ina kwancewa, na rasa wanda zan zaɓa.

Gyaran titin ne ya raba gardama. A mahaɗar da bas ke shan kwana zuwa babbar gada an gitta shingen ƙarfe, an haƙa rami daga wannan gefe zuwa wancan, motoci ma an karkatar da su. Direba ya miƙa hannu ya ba da siginarsa, ya sha kwana, ya tafi gadan-gadan. Kafin in cafko rigarsa, gwiwarsa ta riga ta bugi ƙarfen. Ya kai hannu ya shafa shingen, ya bi shi dama, ya bi shi hagu, bai samu ƙarshensa ba. Ya tsaya. Ban taɓa ganin mutumin nan ya yi ƙanƙanta haka ba, ko ranar da aka karɓi makullin mota a hannunsa.

"Fasinja," in ji shi, "hanyar ta ƙare min."

Na ce na sani. Ya ce tun yaushe, na ce tun benci. Ya tambaya ko akwai bencin ma. Na ce babu, bulo ne, kuma ya gasa ni yadda ya kamata. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Sai ya faɗa min gaskiya. Ya ce haske yake gani da inuwa, sai abu in ya matso dab da hancinsa. Ya ce so yake ya gwada kansa, ya ga in gobe abin ya rufe ko zai iya fita ya dawo da ƙafarsa, ba sai an riƙa jan sa ba, don ni ma gwiwa ta ishe ni, ba zai ƙara min kaya ba. Kuma ya yi min alkawari tun muna yara, yana so a ce shi ya kai ni.

Haushi da tausayi suka haɗe min. Na ce kai wane irin mutum ne, shekara nawa kana ɗauke da mutanen gari a bayanka, ni ban taɓa cewa ka yi min nauyi ba sai yau za ka yanke min hukunci? Na ce kaya dai ai na saba ɗauka, kuma na mutane ne ma, balle nawa. Na kama hannunsa na ɗora a kafaɗata.

"Akwai wata hanya, amma wanwe ce, kuma ta inda aka hana za mu shiga."

Ya gyara riƙo ya ce to, shi dai fasinja ne, in an kama mu ba ruwansa.

Na ja shi muka kutsa bayan masu takalma, don duk zagayen nan da muka yi bai nisanta mu da su ba. Ban san ina da sauran sauri a ƙafata ba sai ranar. Ina tafe ina kira masa tashoshi kamar yadda yake yi, nan masu ɗinkin jaka, nan mai wasa almakashi, a sunkuya akwai rumfa, a ɗaga ƙafa akwai kwata. Da za mu sha kwana na miƙa hannu na ba da sigina, ya ji kafaɗata ta motsa, ya ce ban iya ba, tun da nisa ake bayarwa. Muka shiga lungun masu zare, inda mutum biyu ba sa jerawa. Ƙamshin sabon yadi, ƙarar kekunan ɗinki ta ko'ina, mata na ta miƙo gaisuwa daga shaguna, Tela ina zuwa haka, Tela yau da maigida aka fito, Tela zif ɗinki ya iso. Ina amsawa ban tsaya ba. Ya sunkuyo ya ce ashe ni ma ina da fasinjoji. Ya tambaya ko nan nake zuwa duk shekarun nan, na ce nan ne, da goyo da ciki da ruwan sama. Ya ƙara matse kafaɗar.

Lungun ya tofar da mu a bakin kogi, dab da ƙaramar gadar masu ƙafa. Da ya ji iskar ruwa da katako a ƙarƙashin takalminsa sai ya ja ya tsaya, ya ce ba dai kogin ba ne har mun iso. Na ce shi ne. Ya ce shi da yake kwashe rabin safiya yana zagaye kafin ya zo nan, ashe a bayan gidanmu yake. Na ce ai da ka tambayi Fasinja. Akwai zakuna biyu na dutse a bakin gadar, ya so ya tsaya ya shafa, na ce a dawowa, motar nan ba ta tsayawa a kowace tasha.

Hawan tudun ne ya kusa kashe ni. Muna isowa ina haki, na hango mai gadi, wani dattijo mai gajeren gemu, ya riga ya jawo ƙofa ɗaya yana jawo ta biyu. Na roƙe shi. Ya ce a yi haƙuri, lokaci ya yi, mu dawo gobe da safe. Kalmar goben nan ta soke ni. Na buɗe baki zan faɗa masa abin da ke faruwa gobe, Direba ya matsa min kafaɗa, ya ce a'a, mutum na kan aikinsa, doka doka ce, shi ma bai taɓa buɗe wa kowa ƙofa ba in ya bar tasha. Ya juya zai sauka. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofar, na ƙi bin sa.

Sai na ji mai gadin ya ce a dakata. Ya matso yana leƙen bayan mijina.

"Wannan ƙeyar na san ta. Ba kai ne Ba-Gaggawa ba?"

Ashe shekaru ya yi yana hawa motarsa kowace safiya zuwa aiki, a kujerar da ke bayan direba. Ya ce fuskar bai san ta ba, amma ƙeyar nan da kunnuwan ko a cikin taro zai fitar da su. Ya ce sau nawa yana tahowa da gudu ya makara, ya tarar motar na tsaye ana duba madubi ana jan lokaci har ya iso. Na dubi mai cewa doka doka ce, ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeyar. Mai gadi ya tura ƙofa ya ce mu hau, shi ma yau ba ya gaggawa.

Matakalar a murɗe take, ga duhu, ga ƙunci. A nan kam shi ya fi ni, don duhun bai dame shi ba, ni ce nake tsayawa ina dafe gwiwa yana ce min saura kaɗan, alhali bai san ko saura nawa ba. Muka fito sama iska ta buge mu. Na kai hannunsa kan ƙarfen kariya, na tsaya a gefensa.

Kai, gari! Ban san haka yake da girma ba. Rufin gidaje har iyakar gani, kogi ya ratsa tsakiya, rana ta kwanta a kansa yana ta walƙiya. Na ce me kake gani. Ya ce wani dogon haske a kwance, na ce kogin ke nan. Ya ce to ya ga kogi. Ya daɗe yana kallonsa, ban katse shi ba. Sauran ni na riƙa faɗa masa. Ga agogon tasha can kamar maɓallin riga, ga dandali da ruwansa, ga shataletalen da ka zagaya da ni, ga layinmu, ina jin ma ga shanyar maƙwabciya. In na faɗi wuri sai ya ce daga nan sai kaza, ya kira na gaba kafin in gano shi, kuma bai kuskure ko ɗaya ba.

Can sai ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru. Ya karkata kunne. Ya nuna babbar gada can nesa ya ce ga ta nan tana hawa, kuma yaron ya makara wajen sauya giya. Na duba, ai kuwa ga bas, irin tasa, tana rarrafawa a kan gada. Zuciyata ta yi tsalle, na ce ka gan ta? Ya ce a'a, kukanta ya ji. Ya ci gaba da bin ta da kunne.

"Fasinja, wane launi ne samanta?"

Na ce kamar ya? Ya ce ya san cikinta, ya san gabanta da gefenta, ya sha kwanciya a ƙarƙashinta, amma duk zamansu tare bai taɓa ganin samanta ba. Na ƙura ido sosai, don ba na so in faɗa masa abin da ba shi ba. Na ce fari ne, da wata ƙatuwar lamba baƙa a tsakiya, kuma tattabaru sun yi mata aika-aika. Ya ce fari? Shi duk zatonsa shuɗi ne kamar jikinta. Ya yi ta maimaitawa, fari, yana dariya shi kaɗai, har hawaye ya gangaro daga idon da ya mutu da wanda ya rage. Ni ma na daina ɓoye nawa.

Muka tsaya har hasken kogin ya fara ja. Daga ƙasa mai gadi ya yi gyaran murya. Direba ya saki ƙarfen ya lalubo kafaɗata.

"In an buɗe idon, mu dawo in gani da kaina. In bai buɗu ba, mu dawo ki sake faɗa min."

Na ce to, amma ta wace hanya, don ni ba zan sake zagaya shataletale ba.

"Ta taki," in ji shi.

Na ce ya riƙe da kyau, matakala za mu fara, kuma fasinja ba ya magana da direba in mota na tafiya.